Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masana Namun Daji Da Hukumomin Gandayen Dajin Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamai masana, da shugabannin da aka danƙa wa amanar dazukanmu, tun daga Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa da ke Abuja har zuwa ma'aikatun muhalli na jihohi, ina gaishe ku da aiki. Allah Ya ƙara basira, Ya kuma tsare yaranku da ke kwana a jeji.

Ni ɗan gidan maharba ne daga ƙasar Bauchi. Kakana maharbi ne, mahaifina ma haka, ni kuwa aka sa ni boko na zama malamin makaranta. Saboda haka ina jin abin da ake faɗa a zauren Sarkin Baka, ina kuma iya karanta rahotannin da kuke rubutawa da Turanci. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, ku da maharba sawu ɗaya kuke bi, dabba ɗaya ke gabanku, amma kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon abokin gaba. A wurinku maharbi ɓarawon daji ne. A wurinsa ku 'yan leƙen asirin gwamnati ne masu rataye da kyamara. Ana cikin wannan kallon-kallo naman daji yana ƙarewa, tsofaffin da suka san shi ciki da bai su ma suna bin sa ɗaya bayan ɗaya. Roƙona gare ku shi ne ku ɗauki maharbin gado a matsayin abokin aiki mai ilimi, mai suna, mai haƙƙi, tun yana da rai.

Ba raina aikinku na zo yi ba. Wanda ya san Yankari ya san abin da kuka tsare. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an ga giwaye kusan 350, amma cikin 'yan shekaru masu neman haure suka rage su, har aka koma maganar 100 zuwa 150. Bayan ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga haɗin gwiwar gudanar da dajin da gwamnatin jiha a 2014, aka gyara sintiri, aka rataya wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake, aka yi shekaru ba a ji an kashe giwa don haurenta ba. A 2017 kyamarar da aka ɗaure a daji ta ɗauko hoton damisa, bayan an daɗe ana zaton ta ƙare a wurin. Akwai kuma masu gadin dajin da suka rasa rayukansu a bakin aiki, suka bar mata da marayu. Allah Ya jiƙansu. Duk maharbin kirki ya san wannan jinin ba na banza ba ne.

Duk da haka asarar ta yi yawa. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, haka mariya da kyarkeci da barewa. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, na Najeriya kuwa ba su kai 50 ba, su ma a Kainji da Yankari kaɗai. Yaron da aka haifa a ƙauyenmu yau ya san zaki a kirarin sarakuna da hoton waya, ba a kukansa na tsakar dare ba.

To wa ya cinye dajin? A nan ne nake ganin rahotanninku sukan yi gaggawa. A ƙidayar 1963 mutanen Najeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau mun haura miliyan 200, kuma kowane baki gona yake nema. Inda kakana yake ɗana bago a kan tsamiya yana dakon gwanki, yau gonar masara ce. Fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Cutar bushiya ta 1983 da ta karya makiyaya ba ta bar ɓauna da mugun dawa ba. Masu gawayi sun sare kirya da marke suna lodawa a manyan motoci. Shanu suna shiga gandu saboda an nome burtali da makiyaya, in zaki ko kura ya kama saniya sai a zuba wa mushen maganin ƙwari, a wayi gari mai kamun da ungulayen da suka sauka duk sun zube. A fadamun Haɗeja da Nguru, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Maharbi yana da nasa kaso a cikin wannan ɓarna, zan kuwa faɗe shi. Amma a duk waɗanda na lissafa, shi ne mai sauƙin kamawa, shi ake tsugunarwa a ɗauki hotonsa da adaka a gabansa. Mai motar gawayi yana da ubangida a birni.

Kuma mutum uku kuke zubawa a buhu ɗaya. Akwai maharbin gado, manomi ne da damina, sai an kai amfanin gona gida yake saɓa baka ko adaka, yana ƙarƙashin Sarkin Baka, kowa ya san gidansu. Akwai ɗan kasuwar nama da haure, mai bindigar yaƙi da babur, wanda yake kafa sansani ya banda nama buhu-buhu, ba ruwansa da ko mace ce ko mai ciki, kuma in ya haɗu da mai gadi harbi zai yi. Akwai kuma samarin gayya da ke cika mota daga birni da karnuka da barandami, su kewaye daji su cinna wuta. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan 2.5 a Abuja, kaya ne na fataucin ƙasa da ƙasa da ake bi da shi ta tashoshin jiragen ruwanmu. Tsohon da ke ɗura wa adakarsa albarushi da tsumma ba shi da kwantena a Apapa. In kun kasa raba waɗannan ukun, kun rasa na farko, wanda shi kaɗai ne zai iya nuna muku hanyar da na biyu ke bi.

Bari in faɗa muku abin da kuke rasawa.

Ku fita da tsohon maharbi da sassafe, lokacin da rana ba ta ɗago ba, haskenta na kwance yana fito da inuwar kowane sawu. Zai tsaya a bakin rafi ya duƙa, ya jima bai ce uffan ba. Sannan ya nuna da bakin gorarsa: wannan gwanki ne, kofatonsa ya fi na kanki faɗi. Bayan saukar raɓa ya wuce, ga gefen sawun bai rufta ba, ko tururuwa ba ta bi ta kai ba. Mace ce, ga ƙaramin sawu yana faɗawa cikin nata. Ba a firgice take ba, don da gudu take da kofaton ya buɗe ya nutse. Ya matsa gaba ya sa yatsan ƙafa ya fasa kashin giwa, ya ji ɗumin da ya rage a ciki, ya ga ƙwallon aduwa da zaren giginya, ya ce garken daga fadamar gabas ya fito, kuma kafin azahar zai nemi inuwa a kurmin da ke gaba. Ya san kanki yakan hau kan suri ya yi wa 'yan'uwansa gadi. Ya san ƙarar da gwaggon biri ke yi in ya ga mutum dabam take da wadda yake yi in ya ga damisa. Ya san wace rijiyar dutse ce ke riƙe ruwa har bazara, da wace gawo ce dabbobi ke taruwa ƙarƙashinta in ta zubar da 'ya'ya. Mutumin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi rarrafe a cikin ciyawa har ya kusanci gada ba ta ankara ba, ya karanci halin dabba fiye da yadda littafi zai koyar.

Ku ma ai abin da kuke yi ke nan. Kuna auna tsawon sawun ƙafar baya ta giwa don ku kintaci shekarunta. Kuna ja layi a daji kuna ƙirga tarin kashi don ku lissafa yawan garke. Bambancin shi ne ku kuna da alƙalami da lissafi da kwamfuta, kuna iya haɗa abin da aka gani a Bauchi da na Kamaru ku fitar da hoton da maharbi ba zai taɓa gani daga ƙauyensa ba. Shi kuma yana da shekara 50 a daji ɗaya, da labarin ubansa da na kakansa a kai. Kamar yadda uwargida ke sanin hatsi ya ja ƙasa a rumbu tun kafin maigida ya leƙa, haka maharbi ke sanin dabba ta fara ƙaranci tun kafin a zo ƙidaya. Ku tambaye shi shekarar da ya yi wa mariya ganin ƙarshe da fadamar da ya gan ta, zai faɗa muku, ya haɗa da sunan hakimin da ke kan gado a lokacin. Dazukanmu da yawa ba a taɓa yi musu ƙidaya ba kafin su lalace. Tarihin abin da ke cikinsu yana kan waɗannan tsofaffi ne kawai, kuma kowace shekara muna kai wasunsu makwanci.

Amma ku duba yadda ake zuwa neman wannan ilimi. Ɗalibi zai zo da mota mai tambari da takarda mai layi-layi. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. Tambayarsa ta farko: sau nawa kake shiga daji a wata? Ta biyu: wace dabba ka kashe bana? Dattawa su dubi juna, su dubi tambarin motar, su tuna ɗan wane da aka kama bara. Sai babbansu ya gyara zama ya ce, ai yaro mu mun ajiye baka tun zamanin Shagari. Ɗalibi ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. An ba shi ƙarya saboda tsoro, ya kai ta jami'a an buga ta a matsayin sakamakon bincike, wani kuma ya zo ya gina nasa a kanta. In kuma an yi sa'a aka sami wanda ya yarda ya shiga daji da shi, to ɗan dako ake mai da shi. Shi zai nuna wurin da za a ɗaure kyamara, shi zai gano sheƙa, a sallame shi da kuɗin goro, in takarda ta fito babu sunansa ko a gefe. Ba wanda zai dawo ya ce masa, baba, ga abin da muka gano. Na ga irin wannan da idona, kuma ba ɗalibin nake zargi ba, haka aka koya masa.

Ga wani misali ƙarami. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye suna tasowa daga Turai da Rasha su yi sanyi a wurinmu. Wasunsu na ɗauke da ɗan zobe na ƙarfe a ƙafa, mai lamba da adireshi, wanda wani masani ya saka a can ƙasarsu yana jiran ranar da za a ce masa an gan shi a wuri kaza. Wa ke riƙe wannan ƙafar a hannunsa in ba maharbi da mai tarko ba? Amma me zai sa ya kawo muku? A ganinsa zoben shaida ce da za a ɗaure shi da ita, gara ya jefa a ruwa. Da akwai amana, da lambar waya guda da tabbacin ba za a kama kowa ba sun isa su buɗe muku ƙofar ilimin da ba ku da kuɗin sayensa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana yaye matasa masu ƙwazo, su ne ya kamata su fara ɗinke wannan ɓaraka.

Yanzu bari in juyo kan namu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gidanmu an tashe mu a kan cewa ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa, ba a taɓa tsuntsu a kan ƙwai, in damina ta sauka an rataye baka sai kaka. Wannan tarbiyya ta yi rauni ƙwarai. Farautar gayya ta yanzu, wadda ake cinna wa daji wuta ta ko'ina, ana kashe duk abin da ya motsa har ɗan zomon da bai buɗe ido ba, wani lokaci a ƙare da sare-sare tsakanin unguwa da unguwa a kan wa ya riga taɓa nama, ba ita muka gada ba, kuma ita ta jawo mana sunan 'yan daba. Akwai masu bin dabba da babur da fitila cikin dare. Akwai masu kama ungulu su sayar da kanta ga 'yan tsibbu, har ta kai a 2015 an sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Duk wanda ya haura shekara 40 ya tuna yadda suke cika kan rimi a bakin kasuwa, yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. Akwai kuma maganar da wasu dattawanmu ke yi, wai naman daji na Allah ne ba ya ƙarewa. Yana ƙarewa, mun gani. A nan dole maharbi ya sunkuyar da kai ya saurare ku, don lissafinku ya fi ƙarfin zatonsa. Giwa tana ɗaukar ciki kusan wata 22, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru kafin ta sake. Ba addu'ar da za ta sa garken da ake kashewa fiye da haihuwarsa ya ƙaru.

Sai dai wannan gyara ba da bulala za a yi shi ba, kuma ba da Turanci ba. Kuna da makamin da ba ku cika ɗauka ba, wato addinin mutanen. Alƙur'ani ya halatta farauta, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbar da aka horar ta kamo. A cikin surar kuma aka hana mai harama farautar tudu, wato tun asali an san akwai lokaci da wurin da ake ɗaga wa dabba ƙafa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. A Risala, littafin da almajirin ƙasar nan ke karantawa tun yana ƙarami, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba za a tambaye shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, don haka keɓe daji ba baƙon abu ba ne da Bature ya kawo. In limamin Juma'a da Sarkin Baka suka faɗi wannan da bakinsu, zai shiga inda allon gargaɗi a bakin gandu ba ya shiga. Amma in kuka zo da cewa farauta kanta ƙazanta ce ko rashin wayewa, kun haramta abin da Allah Ya halatta a idon mutane, ba kuwa wanda zai ƙara sauraronku.

Wannan raini ba a wurinku kaɗai yake ba, ya game gari. Ɗan birni in ya ga mafarauci da layu da karnuka sai ya kau da kai. Amma da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen 2014, maharba na cikin waɗanda suka shige gaba aka ƙwato garin, har duniya ta san sunan irin su Aisha Bakari Gombi. Jihohi da dama suna neman su in 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka, don su suka san hanyoyin jeji. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah, aka kashe 16 daga cikinsu bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Allah Ya gafarta musu. Mutumin da ake nema in wuta ta tashi, a ƙyamace shi in ta mutu, ba shi da wata takarda da kowa zai gani ya san ko shi wane ne, wannan mutum yana rayuwa ne a gefen doka. Ku kuma lura da abin da ya sami Sambisa, wanda gandun namun daji ne tun asali, da Kamuku, da dajin Rugu. Dajin da idon mutanen kirki ya bar shi, miyagu ke gadonsa, daga nan ba masani ba maharbi, ba kuma dabbar.

A wasu ƙasashe an gwada wata hanya. A Amurka, inda farautar kasuwa ta kusa share daji a ƙarshen ƙarni na 19, maharba da kansu suka goyi bayan dokar 1937 da ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, kuɗin yana tafiya ga bincike da gyaran daji. Barewarsu mai farar wutsiya, wadda ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan, yau ana maganar miliyan 30. Har yanzu maharban agwagi a can suna aika wa masana fikafikan abin da suka harba a cikin ambulan, daga nan ake gane yawan 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekara, a tsara abin da za a yarda a harba baɗi. A Afirka ta Kudu an ƙera wata manhaja mai suna CyberTracker mai amfani da hotuna a maimakon rubutu, don mabiya sawun da ba su yi makaranta ba su riƙa shigar da abin da suka gani, kuma a 1999 sunan ɗaya daga cikinsu, Karel Benadie, ya fito a jerin marubutan wata takardar bincike a kan karkanda. Ba sai mun je nesa ba ma. A Kure ta Jamhuriyar Nijar raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, suna yawo cikin gonakin mutane ba shinge. Da aka jawo mazauna wurin cikin aikin, aka ɗauki 'ya'yansu jagorori, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan rance, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a Jihar Maraɗi. Na san halinmu ba ɗaya ba ne da na Amurka, a can ana tsoron doka kuma kuɗin haraji yana isa inda aka nufa. Abin ɗauka shi ne, ba inda aka yi nasara da korar mutanen daji daga maganar daji.

A Yankari ma an ɗan taɓa, an kuma ga amfani. An ɗauki wasu mutanen ƙauyukan kewaye a matsayin masu lura da giwaye, aka ba su waya su sanar in garke ya nufi gonaki. Wanda bai taɓa tsayawa a gonar dawa washegarin shigar giwaye ba, ba zai gane nauyin wannan ba. Karan da ya fi mutum tsawo duk ya kwanta, zangarniyar da ake jira sati biyu a yanka an tattake ta cikin laka, mai gonar yana tsaye da fartanya a kafaɗa ya rasa ta inda zai fara, a gida kuma akwai baki goma. In ba wanda ya zo ya duba, ba wanda ya biya shi ko mudu ɗaya, to ranar da mai neman haure ya zo tambayar hanya, kada ku yi mamaki in ya nuna masa. Maganar diyyar amfanin gona ba sadaka ba ce, tana cikin kuɗin tsaron giwa.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku fara da zama a zauren Sarkin Baka, ba a otal a babban birni ba, ku zo ba da 'yan sanda ba, ku yi magana da Hausa ko Fulatanci ko harshen wurin. Ku raba mai bincike da mai kame, a san cewa abin da aka faɗa wa masani ba zai koma takardar tuhuma ba. Jami'o'inmu na Bauchi da Kano da Zariya da Maiduguri su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya su zauna da tsofaffin maharba, daji bayan daji, a rubuta me ke nan a da, yaushe ya ɓace, ina yake sha, ina yake haihuwa, a ajiye da sunan wanda ya faɗa. Wannan shi ne mafi gaggawa, don shi kaɗai ne ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Wanda ya bi muku sawu a biya shi kuɗin gwani, a sa sunansa a takarda, in aiki ya ƙare a dawo a karanta masa sakamakon a gaban jama'arsa. In za a ɗauki masu gadin daji, a ba 'ya'yan maharba kaso, kada takardar sakandare ta zama ita ce kawai ma'auni.

Sai maganar doka. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta san da lasin farauta, ta kuma kasa dabbobi gida-gida. Amma ku shiga ƙauye ku nemi maharbi ɗaya da ya san ofishin da ake yankar wannan lasin. Tunda ba hanyar halal da ya sani, duk abin da ya yi laifi ne, wanda kuwa aka riga aka mai da shi mai laifi a kan zomo ba abin da zai hana shi taɓa gwanki. Ku zauna da sarakunan baka a ja layi a fili. Cikin gandu ba farauta. Zaki, giwa, damisa, dorina, ungulu, gauraka da jimina ba a taɓa su ko'ina, wanda ya taɓa maharba da kansu su miƙa shi. A wajen gandu kuwa, dabbobin da ke saurin haihuwa irin su zomo, gafiya, zabon daji da fakara, ku ƙirga ku faɗi abin da daji zai iya ɗauka, a sa lokacin buɗewa da na rufewa, a hana wuta da guba da fitilar dare, a ba mutum katin shaida mai hotonsa ta hannun Sarkin Bakansa da hakiminsa. Kowane mai kati ya riƙa kawo bayanin abin da ya kama da abin da ya gani, da boko ko da ajami ko da saƙon murya. Cikin 'yan shekaru za ku tara bayanin da jirgin sama ba zai ba ku ba.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10, cikinsu har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da dausayin Haɗeja a Jigawa. A waɗannan wurare ba a gama shata yadda za a zauna da mutanen kewaye ba, don haka akwai damar a fara da ƙafar dama. Kafin a kafa allo a ja iyaka, a kira maharban Doguwa da Tudun Wada, da na Faskari, da na Baturiya, a tambaye su abin da suka sani da abin da suke tsoro. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin a gama girbi a fara kiɗan gayya, don abin da aka yi yarjejeniya a kai ya fara aiki a wannan ranin. Ku aika wa hakimai takarda su sanar da sarakunan baka, ku sa rana. Mu 'ya'yansu da muka yi boko a shirye muke mu yi tafinta, mu kuma riƙe alƙalami.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin makaranta, ɗan gidan maharba, daga ƙasar Bauchi.